Wuta Biyu a Murhu Ɗaya: Sharhi a kan Koyarwar Daidaita Wuta ta Hanyar Yoga a Lokacin Zafi

Gabatarwa

Da zarar zafi ya kama a Turai da Amurka, makarantun yoga da mujallunsu sukan shiga koyar da wani darasi da suke kira daidaita wutar jiki. Gundarin darasin shi ne, wai lokacin zafi na wuta ne a likitancin gargajiya na ƙasar Sin, zuciya ce kuma mazaunin wutar. Idan ta yi yawa sai rashin barci da rawar jiki da yawan surutu, idan ta yi ƙaranci sai kasala da baƙin ciki. Maganin wannan, in ji masu koyarwar, shi ne wasu miƙe-miƙe na yoga masu buɗe ƙirji da miƙar da hannuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora wannan koyarwa a ma'aunin tarihi da na fassara, domin a ga abin da ta riƙe daga asalinta da abin da ta zubar a hanya.

Wuta a tunanin Sinawa

Tushen maganar shi ne tsarin nan da Sinawa ke kira wu shing, wanda ya ƙunshi itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa. Ana danganta bunƙasarsa ga Zou Yan, masanin da ya rayu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan ya shiga likitanci ta littafin Huangdi Neijing, wanda aka tattara a zamanin daular Han. A wannan tsari itace ke haifar da wuta, wuta ta haifar da ƙasa, ruwa kuwa shi ke danne wuta, ita kuma ta danne ƙarfe. An jingina wa wuta lokacin zafi da kudu da jan launi da ɗaci da farin ciki da harshe da zuciya da ƙaramin hanji.

Masu koyar da yoga sun kawo wannan jeri daidai, sai dai sun ɗauko shi tare da wata gurguwar fassara. Kalmar shing tafiya take nufi ko gudana, amma Turawa suka fassara ta da kalmar da ke ɗauke da tunanin da suka gada daga Girkawa, mai nufin ginshiƙan da aka gina halitta da su. Joseph Needham ya nuna raunin wannan fassara a 1956, Manfred Porkert kuma ya fifita kiran su matakai a littafinsa na 1974. Ke nan wuta a nan suna ne na matakin da abu ke kaiwa ƙololuwar bunƙasarsa, ba wani sinadari ba ne da ke taruwa a jiki har a rage shi kamar yadda ake janye itace daga murhu.

Haka nan kalmar da aka fassara da zuciya ta haɗa tsokar ƙirji da hankali da niyya. A nan Bahaushe ya fi Bature kusa da ma'ana, domin shi ma yakan ce wane ya yi zuciya, ko zuciyarsa ta raya masa abu kaza. Mai karatun da ya ɗauka ana maganar tsokar da ke harba jini ce kawai, ya yi nisa da nufin littafin.

Wuta a tunanin Indiyawa

Ita yoga kuwa daga Indiya ta fito, tana da nata lissafin na abubuwa biyar: ƙasa da ruwa da wuta da iska da sarari. Babu itace ko ƙarfe a ciki, kuma waɗannan ginshiƙan halitta ne na haƙiƙa a wurin masu wannan ilmi. Wutar da suke kira agni a ciki take zaune, aikinta narkar da abinci. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya yabi wasu nau'o'in zama da numfashi saboda suna rura wannan wuta. Wato dai wutar Sinawa ta zuciya ce, ana so ta tafi daidai da lokacinta, ta masu yoga kuwa ta ciki ce, galibi ana so ta ruru. Sunan kawai ya zo ɗaya, kama da wane kuwa ba ta wane.

Inda aka ƙulla auren

Haɗin nan sabo ne. Ya samo ƙarfinsa daga salon Yin Yoga, wanda ya tsiro a Amurka daga koyarwar Paulie Zink a ƙarshen shekarun 1970, Paul Grilley da Sarah Powers suka yaɗa shi. Grilley ya yi karatu wurin Hiroshi Motoyama na Japan, wanda ya yi ƙoƙarin daidaita hanyoyin ƙarfin rai na Sinawa da na Indiyawa. A wannan salo ana tsayawa a kan miƙa ɗaya minti 3 zuwa 5. Da yake huɗu daga cikin hanyoyi 12 na likitancin Sinawa na wuta ne, kuma dukkansu ta hannu suka bi, sai aka yanke cewa miƙar da hannu yana motsa su.

Ƙirƙira ba laifi ba ce, domin ita kanta yoga ta motsa jiki, kamar yadda Mark Singleton ya nuna a 2010, ta ari abubuwa da yawa daga wasannin motsa jiki na Turai a farkon ƙarni na 20. Laifin shi ne a sa wa sabon abu rawanin tsufa, a ce hikima ce ta dubban shekaru. Abin mamaki kuma, Sinawa suna da nasu motsa jikin mai suna daoyin, wanda aka samu zanensa mai ɗauke da mutum 44 a wani kabari na Mawangdui da aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, aka tono shi a 1973. Da neman asali ake yi, can ya kamata a fara dosa.

Matsalar lokaci

Lokacin zafin Sinawa yana farawa wajen 5 ga Mayu, ya ƙare wajen 7 ga Agusta, kuma a yawancin ƙasar zafi ne mai tafe da ruwan sama. Su kansu Sinawa sai da suka yanko wani yanki a ƙarshen zafi suka ba ƙasa, domin lokuta huɗu su dace da matakai biyar. Mai fassara zuwa Hausa zai fi shan wuya: idan ya ce bazara ya sami zafin ya rasa watannin, idan ya ce damina ya sami watannin ya rasa zafin. Wannan ya nuna tsarin ɗan ƙasarsa ne, an ɗinka shi daidai da yanayin inda aka haife shi.

Kammalawa

Akwai abin ɗauka a cikin koyarwar. Shawarar a sassauta motsa jiki da rana tsaka, a yi numfashi a natse, a sami barci, shawara ce tagari, ta kuma fi hankali bisa salon Bikram da ake yi a ɗakin da aka ɗumama zuwa digiri 40. Bincike ya nuna yoga tana ɗan rage ciwon baya da damuwa. Amma ilmin fiɗa bai gano waɗannan hanyoyi 12 a jikin mutum ba, kuma bugun zuciya da rashin barci na iya zama alamun hawan jini ko ciwon zuciya. Wanda aka gaya wa wutarsa ce ta yi yawa, ya koma tabarmar yoga maimakon asibiti, gurguwar fassara ta cuce shi. Wajibi ne ga malami da mai fassara su kira kowace wuta da sunanta, su faɗi ƙasarta da zamaninta, su kuma bayyana cewa haɗa su aikin ƙarshen ƙarni na 20 ne.