Waƙoƙin 'Yan Cin Gashin Kai: Abin Da Kunnenmu Ya Jiyo Daga Ƙetare

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma ba su hana mu sauraron kukan na maƙwabta ba. A wannan fitowar za mu ɗan ajiye littafi, mu miƙa kunne zuwa Ingila da Amurka, wajen wasu mawaƙa da ake kira 'yan indi, wato 'yan cin gashin kai, waɗanda ba sa jiran manyan kamfanonin faifai, sai dai su fitar da waƙarsu da kansu ko ta hannun ƙaramin kamfani. Duk marubucin da ya taɓa tara 'yan kuɗinsa ya kai wa mai maɗaba'a ya san irin wannan rayuwa. Tambayarmu ita ce: me ya sa wasu daga cikin waƙoƙin nan ke maƙale wa mutum a zuciya, wasu kuwa su wuce kamar hayaƙi?

Mu fara da Nick Drake, Baturen Ingila da da yawa daga cikinsu suka ɗauka tamkar kaka a sana'a. Faifansa Pink Moon na 1972 waƙoƙi 11 ne, duka-duka bai cika minti 30 ba, kuma a dare biyu aka ɗauke shi, daga shi sai jitarsa, sai ɗan fiyano a waƙa ɗaya. Mu dai muryarsa ta yi mana kama da ta baƙon da ya yi sallama sau ɗaya a ƙofar gida, da bai ji an amsa ba ya juya. Haka kuwa aka yi, domin faifan bai yi kasuwa ba, shi kuma ya rasu a 1974 yana ɗan shekara 26. Sai a 1999, da kamfanin motoci na Volkswagen ya sa waƙar a talla, jama'a suka yi ta rububin saye. Darasin da ke nan shi ne ragewa: bai bar ko ƙwayar abin da ba a bukata ba.

Su kuwa The Smiths na birnin Manchesta, waɗanda ƙaramin kamfanin Rough Trade ya riƙa fitar da su, shaƙiyyai ne na gaske. A waƙarsu Girlfriend in a Coma ta 1987, kiɗan Johnny Marr yana tafe cikin nishaɗi kamar za a kai amarya, alhali Morrissey yana ba da labarin budurwa kwance a asibiti rai a hannun Allah. Mai sauraro zai fara kaɗa ƙafa, sai ya ankara da abin da ake faɗa, kunya ta kama shi. Wannan dabara ce da marubutanmu ba su cika amfani da ita ba. Mu in za mu kashe tauraro, tun daga shafin farko muke fara zaman makoki.

Sai Sufjan Stevens na Amurka, wanda ya ce zai yi wa kowace jiha daga cikin jihohi 50 na ƙasarsu faifai guda. Ya yi wa Mishigan a 2003, ya yi wa Ilinoi a 2005, daga nan shiru, daga baya ma ya ce ai dabarar talla ce. Ashe ba mu kaɗai ke rubuta cewa a saurari littafi na biyu ba! Amma mun yafe masa saboda waƙar Casimir Pulaski Day. Labarin yarinya ce da ciwon daji na ƙashi ya kama, saurayin da ke son ta yake bayarwa. Bai tsaya yi mana bayanin girman baƙin cikinsa ba, ƙananan abubuwa kawai ya jero: furen da ya kai mata, halin da mahaifinta ya shiga, da ranar hutun da abin ya faru. Ƙarƙashin muryar kuma ga banjo, abin kiɗan da asalinsa ke komawa ga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, shi ya sa muke jin sa kamar gurmi ne ya je ci-rani ya ƙi dawowa.

Inda muke da ja shi ne wajen Bon Iver. Mai waƙar, Justin Vernon, ya keɓe kansa a bukkar farautar mahaifinsa a jihar Wiskonsin cikin hunturu, ya fito da For Emma, Forever Ago, ya sake shi da kansa a 2007 kafin kamfanin Jagjaguwar ya karɓa a 2008. Yakan siranta murya ya ɗora ta bisa kanta sau da yawa, har ka ji kamar mutum goma ne ke kuka cikin rijiya. Daɗi kam akwai shi. Sai dai karin ya fara rerawa, sannan ya nemo kalmomin da suka dace da sautin, don haka sau da yawa za ka ji an taɓa maka zuciya, amma in aka tambaye ka me ya ce, sai ka yi zuru. Mawaƙi yana iya tsira da haka, domin murya da jita za su rufa masa asiri. Marubuci ba shi da wannan gata, daga shi sai kalma a kan farar takarda.

Saboda haka, 'yan uwa masu tasowa, in za a yi koyi, a ɗauki ragewar Drake, da shaƙiyancin The Smiths, da idon Stevens mai ganin ƙaramin abu. Kafin ka rubuta cewa hankalin Hajara ya tashi matuƙa, ka tambayi kanka me ke hannunta a lokacin, kuma ina ta ajiye shi. Hazon Bon Iver kuwa a bar wa mai jita.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.