Abotar Tsufa a Idon Majigi: Daga Yamai Zuwa Hanyar Tawa

A watan Fabrairu na 2004, hatsarin mota kusa da Birnin Ƙwanni, a jihar Tawa, ya yi ajalin Jean Rouch yana da shekara 86. Tare da shi a motar akwai Damouré Zika da Moustapha Alassane, mai shirya finafinan da ya mai da Tawa mazauninsa. Aminai ne da suka tsufa tare, kuma abotar tasu ita ce jigon finafinan da suka bari.

Tun daga "Cocorico Monsieur Poulet" (1974) har zuwa "Madame l'Eau", fuskokin ba su canja ba: Damouré Basarke, Lam Ibrahim Dia Bafillace, Tallou Mouzourane daga ɓangaren Buzaye. Ƙarfin waɗannan finafinai shi ne ba su shafe bambancin ba. Kowa na zolayar ɗan'uwansa da asalinsa, kamar yadda taubasai ke yi, wato Bafillace da Ba'are, ko Bagobiri da Bazabarme. Wannan al'adar ce UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam a 2014. A "Madame l'Eau", da furfura ta bayyana, wasan ya koma dogaro da juna: tsofaffi ne ke neman hanyar kai ruwa gonakinsu da fari ya ƙone.

Sai dai mutumin Adar zai ga giɓi. A nan abotar dattijo tana da ma'auni daban-daban. Bahaushen Tawa yana auna amini da zaman majalisa bayan la'asar, da halartar suna da jana'iza. Makiyayin Abalak yana auna shi da habbanaye, saniyar aro wadda ake riƙewa har ta haihu, a mayar da uwa, ƴaƴa su zauna. Finafinan sun ɗauki raha, sun bar nauyin da ke ƙarƙashinta. Haka kuma ƙawancen tsofaffin mata, da bikin da suke yi wa juna shekara da shekaru, bai samu gurbi ba.

Akwai kuma tambayar da raha ke lulluɓewa: kyamara da hanyar samun kuɗi suna hannun Bature. Shin abota tana daidaita tsakanin mai ɗauka da wanda ake ɗauka? Shekaru sama da sittin da Damouré ya yi tare da Rouch sun shaida amana, amma ba su goge tambayar ba. Amsarta tana jiran masu shirya finafinan Adar, tun dattawan majalisa suna raye.