Ganɗoki a Idon Ɗan Gani-Kashe-Ni

Watannin baya na je wata makaranta duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, na tarar wani malami ya ƙwace littafi a hannun yaro. Littafin irin waɗanda yara ke kira littattafan yaƙi ne, bangonsa ya yi laushi saboda yawan hannun da ya bi. Malamin ya ce mini, yaron nan ba ya iya insha'i na layi goma, ba abin da ke kansa sai ƙwallo da waƙoƙin zamani da labarun aljannu. Da aka fita shan iska sai na ji yaron yana ba abokansa labarin wasan da aka yi daren jiya. Ya fi minti goma yana zuba, bai yi tuntuɓe ba, bai kuwa sa ƙarshe a wurin farko ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, darasin da aka yi musu ran nan a kan Ganɗoki ne, malamin kuwa ya tsaya a yaƙin Turawa, ya ce sauran duk tatsuniya ce, ba ta cancanci ɓata alli ba.

Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, yaron nan yana da ma'aunin da yake auna jarumi da shi, ko a fili, ko a waƙa, ko a takarda, kuma ma'aunin nan ya fi namu dacewa da Ganɗoki ta wani gefe, ya kuma gaza ta wani gefen. Ya kamata mu san gefen biyu kafin mu yanke masa hukunci.

I

Mu fara da sunayen da Hausa ta raɗa wa irin wannan mutum, gama harshe ba ya tara kalmomi a kan abin da bai dame shi ba. Akwai ɗan kallo, watau wanda ya zo ya ba ido abinci ya tafi, ba ruwansa da wanda ya faɗi. Akwai masoyi, kalmar da mawaƙan zamani suka fi amfani da ita ga masu sauraronsu. Akwai magoyin baya, wadda tushenta goyo ne, aikin uwa da ɗa, ga nauyi ga kuma haƙuri. Sa'an nan akwai maye, kamar a ce wane mayen ƙwallo ne, nan kuwa an ɗauko siffar wanda ba ya iya kame kansa daga abin da ransa ke so. Ƙarshensu duka shi ne ɗan gani-kashe-ni, wanda jimla ce sukutum aka dunƙule ta zama suna, mutum yana miƙa wuyansa.

In mun jera su haka, sai mu ga Hausa ta raba mai kallo da mai shiga. Wannan rabo kuwa ya girmi ƙwallon ƙafa. A fagen dambe, inda mahauta suka yi suna tun da, ba mai zuwa ya tsaya tsakiya, ko dai mutum na Kudu ne, ko na Arewa, ko na Guramada. Makaɗi na zuga, 'yan amshi na karɓa, masu kari na fitowa da kuɗi, kuma in an cire waɗannan abin da ya rage mutum biyu ne kawai suna naushin juna. Muhammadu Bawa Ɗan Anace bai taɓa zama alƙali tsakanin Shago da abokan karawarsa ba, shi ne shugaban magoya bayansa, waƙar da muke karantarwa yau a jami'a kuwa aikin goyon baya ce tun daga tushe. Haka Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yawancin waƙoƙinsa na yabon mutanen da ya zaɓa ne.

Dubi kuma taken ƙungiyar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Magoya bayanta cewa suke, sai masu gida. Ginin jimlar nan tsoho ne: harafin sai, da suna a bayansa, ba aikatau, ba dalili. Aikin sai a nan shi ne ta kore kowa ta bar ɗaya. Da ita ake yi wa ɗan dambe, da ita ake yi wa ɗan takara. Kalmomin da ake ba da labarin wasa da su ma na fagen fama ne, a ce an lallasa su, an ragargaza su, sun sha kashi, kamar yadda ɗan dambe ke kashe abokin karawarsa alhali kuwa kayar da shi kawai ya yi. Saboda haka yaron da ya tashi cikin wannan harshe, in ya buɗe littafin jarunta, ya riga ya san inda zai tsaya.

II

Ganɗoki na Malam Bello Kagara yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934, tare da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Jarumin da bakinsa yake ba da labarinsa, yana yi yana kirari, ana kuma yi masa. Kashin farko ya bi sawun abin da ya auku da gaske, yaƙin Kwantagora da Bida waɗanda Turawa suka ci a 1901, har zuwa gumurzun Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama. Daga nan sai labarin ya yi gabas, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljannu da dodanni, suna yaƙi suna cin nasara, kafin su komo gida su tarar zamani ya sake.

Mu malamai mun saba ɗaukar kashin farko da hannu biyu, domin muna samun tarihi a ciki, mu riƙe na biyu da yatsa biyu kamar abin da marubucin ya cika takarda da shi. Wannan kuskure ba mu muka fara shi ba. A 1936 wani malamin harsuna a Ingila, J.R.R. Tolkien, ya yi lacca a kan tsohuwar waƙar Turanci mai suna Beowulf, ya zargi masana da cewa sun mai da ita ma'adinin tarihi, sun raina dodannin da ke cikinta, alhali dodannin nan su ne ƙashin bayan waƙar. Shi ne kuma ya fitar da The Hobbit a 1937, shekara uku bayan Ganɗoki, littafin da ya buɗe ƙofa ga wani babban reshe na adabin Turawa mai ɗimbin 'yan gani-kashe-ni har yau.

To, me kashi na biyu ke yi a Ganɗoki? A nan ne nake ganin mai goyon baya ya riga mu fahimta. Duk wanda ƙungiyarsa ta taɓa shan kashi ya san cewa ba a tashi daga hira a kan faɗuwa, sai an nemi fagen da za a rama, ko da a baki ne. Bello Kagara ya gina jarumin da kirarinsa bai yarda da faɗuwa ba, sa'an nan ya sa shi cikin yaƙin da kowa ya san yadda ya ƙare. Ba shi da ikon sake tarihi, masu karatunsa na farko akwai waɗanda iyayensu suka ga abin da idonsu, ga shi kuma hannun da zai karɓi rubutun na ma'aikacin gwamnatin da ta ci yaƙin ne. Hanyar da ta rage masa ita ce ya ɗauke jarumin ya kai shi inda bindiga mai ruwa ba ta isa, inda takobi da ƙarfin zuciya ke da sauran amfani. Aljannun nan su ne fagen ramuwa. Wanda ya yanke littafin a Burmi ya bar Ganɗoki a ƙasa, kirarin da aka yi ta yi masa tun shafin farko ya zama zancen banza. Yaro yana jin wannan a jikinsa ko da bai iya faɗinsa ba, shi ya sa in an bar shi da littafin can baya yake garzayawa.

III

Amma fa kada a ɗauka na zo wanke littafin ne sarai. Da ma'aunin magoya bayan kansa za a iya kama shi da laifi. Abin da ke riƙe mutum a bakin fili har a tashi shi ne tsoron kada nasa ya faɗi. Ɗan Anace ya san haka, shi ya sa karawar Shago da Ɗandunawa ta fi sauran zama a zukatan mutane, gama an sami wanda ya isa a ji tsoronsa. A kashi na biyu na Ganɗoki abokan gaba suna da yawa, suna da ban tsoro a siffa, amma mai karatu ba ya daɗewa sai ya gane ba mai iya kayar da jarumin, daga nan kuwa yaƙi na biyar ba ya ƙara kome a kan na huɗu. Ta wannan gefe Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951 aka kuwa ɗauko shi daga labarin wani jarumin Rasha, ya fi shi dabara a mafari. An nuna mana Iliya tun yana zaune ba ya iya tafiya, saboda haka sa'ad da ƙarfi ya zo masa mun riga mun san abin da rashinsa ke nufi.

Wannan lahani na Ganɗoki shi ne ya yaɗu cikin littattafan yaƙi na zamanin nan, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna a kansu. Ban yarda da masu cewa ba adabi ba ne, gama jikokin Ganɗoki da Iliya ne, kuma sun sa dubban yara karatun Hausa ba da bulala ba. Muhawarar da aka yi a jaridu cikin shekarun 1990 tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu a kan adabin kasuwar Kano ta fi karkata ga littattafan soyayya, waɗannan kuwa har yanzu ba su sami rabonsu na nazari ba. Duk da haka mai nazarinsu zai tarar da yawa daga cikinsu suna auna jarunta da yawan gawa, suna jan labari kashi-kashi ba don labarin ya bukata ba, ga kuma sakaci da ƙa'idar rubutu, a bar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, a haɗe ya da ce, a manne ne a jikin suna. Yaron da ya karanta ashirin daga cikinsu idonsa ya sha waɗannan kurakurai sau dubbai.

A waƙa ma haka abin yake. Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020, sa'ad da annoba ta tsare mutane a gida, kuma ba laifi ba ne yaro ya haddace ta. Amma tambaye shi me ya sa ta fi wata, sai ya ce kawai ta fi. Ba ya raba daɗin murya da aikin na'ura, ba ya raba zaƙin kiɗa da ƙarfin kalma. Nan ne iyakar ma'auninsa, kuma nahawun takensa ya riga ya nuna mana: jimlar sai wane ba ta da gurbin domin. Inda ba dalili kuwa, in gardama ta yi zafi ba abin da ya rage sai zagi, wani lokaci har da jifa, kamar yadda akan gani a filayen wasa.

IV

Ga abin da nake ba malaman makarantun horon malamai shawara, su kuma su isar ga ɗalibansu. Na farko, a karantar da Ganɗoki dukansa, a tambayi yara me ya sa marubucin bai tsaya a Burmi ba, a bar su su yi gardama. Na biyu, yaron da ya kasa insha'i a kan amfanin itatuwa a sa shi ya rubuta labarin wasan da ya gani, gama a nan yana da mafari da tsakiya da ƙarshe, yana da jarumi da abokin gaba, sa'an nan a bi rubutun da jan alƙalami a gyara ƙugiya da rabon kalma. Na uku, littafin da za a ƙwace gara a ɗora shi bisa tebur kusa da Iliya, a ce wa aji su nuna inda kowane jarumi ya ji tsoro, da inda marubuci ya maimaita kansa. Na huɗu, duk wanda ya ce sai wane, ko ɗan wasa ne ko mawaƙi ko marubuci, kada a hana shi, a ce ya ƙara domin, ya kawo dalili uku a rubuce.

Nazarin adabi, in an tuɓe masa manyan riguna, bai wuce wannan ba, mutum ya so abu, ya kuma iya faɗin dalili har wanda bai so ba ya saurara. Dalili muna iya koyar da shi cikin zango ɗaya ko biyu. Son kuwa ban san wata hanya da ake dasa shi a aji ba, ga shi yaron nan ya zo mana da nasa tun daga gida. Ban sani ba ko an mayar masa da littafinsa, amma na roƙi malamin ya karanta shi tukuna kafin ya yanke shawara.