Tsohon Soja da Alƙalamin Marubuta

Ya ku 'yan makaranta, kun dai ji labarin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka fara a 1939, aka gama a 1945. Cikin waɗanda aka ɗiba zuwa Boma har da samarin ƙauyukan ƙasar Kano, aka raba su da fartanya, aka miƙa musu bindiga. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa cikin kurmin Arakan. Da yaƙi ya ƙare, wani ya komo lafiya, wani kuwa jikinsa garau, amma barci ya gagare shi, ko aradu ta faɗi sai ya zabura. Mutanen gari su ce iska ce. Likitoci kuwa yanzu sun tabbatar ciwo ne wanda firgita ke bari a zuciya, yana kuma da magani.

To, yaya marubuta suka yi da wannan rauni marar jini?

Malam Sa'adu Zungur ya tarye su da waƙarsa Maraba da Soja. Yabo ne wanda ya dace, gama wanda ya sai da ransa ya cancanci kirari. Amma kirari na ranar taro ne, ba ya bin mutum ɗaka tsakad dare.

Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Boma, ya bi wata hanya cikin littafinsa Burma Boy na 2007. Ya ɗauki yaro Bahaushe, Ali Banana, mai surutu da ban dariya, ya kai shi cikin rundunar Janar Wingate ta 1944. Sai da muka saba da dariyarsa, sa'an nan aka yi wa ƙungiyarsu kwanton ɓauna, ya rage shi kaɗai yana gararamba cikin kurmi, hankali ya gushe. Gwanintar ke nan: bai ce mana ku ji tausayi ba, mu da kanmu muka nemi dariyar nan muka rasa. Aibinsa ɗaya, labarin ya tsaya a Boma, bai rako yaron gida ba.

Usman Sembene na Senegal, shi ma tsohon soja, ya yi magana da shiru. Cikin majiginsa Camp de Thiaroye na 1988, kan sojojin Afirka waɗanda Faransawa suka harbe a 1944 don sun nemi haƙƙinsu, akwai wani wanda ya fito daga sansanin Jamusawa ba ya iya magana. Shi ya fara hango halaka tafe, amma ba wanda ya kula, wai mahaukaci ne. Watau laifin ba na majinyaci ba ne, na masu ƙin saurare ne.

Saura rabin labarin, watau komowa gida: yadda mutum zai koma noman gero da gyaɗa a Ɗambatta ko Bichi, inda gona ke manne da gona, kowa na jin ihunsa da dare. Yau ma sojojinmu na komowa daga Arewa maso Gabas da irin wannan ciwo. Wanda zai rubuta shi da Hausa, kada ya mai da tsohon soja abin dariya, kada kuma ya rufe shi da kirari. Ya zauna ya saurara tukuna, gama ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓa. Allah ya sa a cikinku a sami mai wannan alƙalami, amin.