Kwatancen rariya ya gaza: abin da intaferon ke nuna mana game da ƙoda

A shirye-shiryen lafiya na rediyo da littattafan sakandare, bayani ɗaya ake ta maimaitawa: wai ƙoda rariya ce, tana tace jini ta zubar da datti a fitsari. Kwatancen yana da saukin kamawa, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Matsalar ita ce rabin aikin kawai ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ya fi shafar mazauna Dakata.

Mu ɗauki intaferon. Furotin ne da jiki ke ƙerawa idan ƙwayar bairos ta shigo. Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957, daga baya aka mayar da shi allura don ciwon hanta nau'in B da C. Intaferon alfa ƙarami ne, amino asid 165 ko 166, don haka yana ratsa matatar ƙoda cikin sauƙi. In da rariya ce kawai, ai da sai mu tarar da shi a fitsari. To ba a samun sa, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan matata akwai siririn bututu, ƙwayoyin farkonsa su ke haɗiye furotin ɗin, su farfasa shi, su mayar wa jiki amino asid ɗinsa. Cikin 'yan sa'o'i rabin maganin ya bar jini, shi ya sa ake yin tsohuwar allurar sau uku a mako.

Masu haɗa magani sun gane wannan, sai suka liƙa masa dogon sinadarin PEG don ya yi wa matata girma. Pegasys, wanda Amurka ta amince da shi a 2002, sau ɗaya ake yin sa a mako. Duk da haka ƙoda ba ta fita lissafi ba: mai ciwon ƙoda mai tsanani, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, ana rage masa daga maikirogiram 180 zuwa 135, don kada maganin ya taru ya tsananta zazzaɓi da raguwar ƙwayoyin jini.

Me ya haɗa wannan da Dakata? Unguwar tana maƙwabtaka da Bompai, inda ruwan masana'antu ke bin rafin Getsi zuwa Jakara, kuma da shi ake ban ruwan lambu. Na Sharaɗa da Challawa, musamman na kamfanonin jima, kogin Challawa yake nufa. Kuromiyom ɗin jima, da kadmiyom, da dalma, duk an san suna illata ƙoda, kuma kadmiyom wannan bututun yake fara ci. Idan bututun ya lalace, ƙananan furotin sai su fara zuba a fitsari, alhali tsinken gwajin fitsari da aka saba da shi albumin ya fi gani. Ka ga ana iya ce wa mutum fitsarinsa lafiya lau, ɓarna kuwa ta riga ta fara.

Ga wani abin kuma. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Yau an fi ba su ƙwayar tenofobir maimakon intaferon, kuma tsohon samfurinta shi ma yana iya taɓa bututun nan. Wanda aka koya wa cewa ƙoda rariya ce zai ɗauka jiƙon "wanke ƙoda" ko shan ruwa da yawa zai kuɓe ta. Ƙwayoyin da suka ji rauni ba sa warkewa da ɗauraya, wani jiƙon ma ƙara musu nauyi yake yi.

Masu wayar da kai su ci gaba da kwatancen rariya, amma su ƙara da cewa bayanta akwai ma'aikata masu rai da ke tsince abin amfani. Kai kuma mai karatu, in za a ɗora ka kan maganin ciwon hanta, nemi a auna maka kiriyatinin kafin a fara da kuma lokaci-lokaci, sannan ka gaya wa likita unguwar da kake zaune da irin aikin da kake yi.