Kwarangwal Kafin Kwalliya

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a shekarar 2011, garin nan ya cika da samari masu rataye da kwamfuta, waɗanda Allah ya hore wa da yawansu basirar ƙera manhajar waya, abin da ya wajaba mu yi hamdala a kansa. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ga masu wannan sana'a a ko'ina, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce gaggawar shafa launi tun ba a yi zanen kwarangwal ba, wato abin da suke kira wayafirem. Ba komai ba ne illa takarda da fensir, a zana akwatuna marasa ado, a ce nan suna zai zauna, nan kuɗi, nan maɓallin komawa baya, har a tabbata cewa hanyar da yatsa zai bi ta miƙe.

Kwanan baya wani ɗan ƙanena ya kawo mini manhajar adashe da ya kwashe wata uku yana ƙawatawa, shuɗi da ruwan zinariya sai ka ce rigar angwanci, na kuwa ɗauke shi muka tafi Kurfi wurin yayata, wadda ta shekara ashirin tana uwar adashe. Ta juya wayar, ta danna nan, ta danna can, daga bisani ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, ina wurin da zan ga wadda ba ta zuba ba?" Babu shi a shafin farko. Ya ce, "Gwaggo, ai sai an shiga shafi na huɗu." Tambayar da ita ce ruhin adashe baki ɗaya, an binne ta ƙarƙashin ado, alhali da takarda ya kai mata tun ranar farko, da kafin shayi ya huce ta nuna masa.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne, hikimar nan tamu ce tun kaka da kakanni. Magini ba ya haƙa harsashi sai ya shata ɗaki a ƙasa, maigida ya shiga ya tsaya ya ce a ƙara taku biyu. Mai aikin babbar riga ba ya soka allura sai an zana masa aska takwas a jikin yadi. Almajiri kuwa a allo yake rubutu, inda kuskure ke wankuwa da ruwa, kafin a amince masa da takarda da tawada. Masana na ƙetare ma haka suka yi. Jeff Hawkins, kafin na'urarsa ta aljihu Palm Pilot ta fito a 1996, guntun katako ya sassaƙa daidai aljihu, yana yawo da shi yana kwatanta amfani. Manhajar zanen kwarangwal ta Balsamiq, da aka fara a 2008, da gangan aka sa zanenta ya yi kama da na hannu, domin mutum yana jin nauyin kushe abin da ya ga an gama, amma ba ya jin kunyar gyara zanen fensir. Jakob Nielsen kuma ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Mutum biyar fa, waɗanda za ka samu a tasha ɗaya!

Na sani za a ce manhajar zane ta Figma ta sauƙaƙa gyara, kuma mai ba da kwangila ba ya sakin kuɗi sai ya ga ƙyalli. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma duk wanda ya ga yadda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa dattawa da masu sayar da hatsi tura kuɗi ta waya, hannu na rawa, ana tsoron danna abin da ba a fahimta ba, ya san cewa maɓallin da aka ajiye ba a muhallinsa ba yana iya cinye jarin talaka.

Ɗan ƙanen nawa dai ya koma Kurfi ranar Asabar da takardu shida da fensir, na kuma ji cewa gwaggonsa ta soke huɗu daga ciki.