Taswirar Burkitt: Ƙarfinta da Rauninta a Nazarin Ciwon Dajin Yara

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu ɗora aikin Denis Burkitt a kan ma'auni, wato likitan fiɗa ɗan Ayaland wanda ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, a ƙasar Yuganda. A shekarar 1958 ya buga bayanin yara 38 masu kumburin muƙamuƙi, ya nuna cewa ciwo ɗaya ne ke addabar su. Daga baya aka tabbatar ciwon daji ne na wani jinsin fararen ƙwayoyin jini, aka kuma sa masa sunan likitan.

Abin yabo na farko shi ne hanyar binciken. Burkitt ba shi da manyan na'urori. Sai ya aika wa asibitocin Afirka takardun tambaya ɗauke da hotuna, sa'an nan a 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka yi tafiyar mil kusan 10,000 a mota, asibiti bayan asibiti. Taswirar da ya zana ta nuna ciwon ya fi yawa inda ake zafi da ruwan sama mai yawa, ya yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi da wurare masu fari.

To, amma taswira tana faɗin inda ciwo yake ne, ba ta faɗin dalilinsa. Da Burkitt ya ga iyakar ciwon ta yi daidai da mazaunin wasu ƙwari, sai ya ɗauka bairos ne wanda ƙwaro ke yaɗawa. Wannan zato ne ya zaburar da Anthony Epstein, har shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairos ɗin a 1964. Sai dai an tarar kusan duk manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi, kuma ta yawu yake yaɗuwa. Ashe ba shi ya shata iyakar taswirar ba. Zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa ne ya shata ta, domin yana raunana garkuwar jikin yaro, bairos ya sami sarari. Ya kamata a faɗa, Burkitt da kansa ya karɓi wannan gyara.

Rauni na biyu ya fi shafar mu. Taswirar ba ta ƙirga yaran da suka kamu ba, waɗanda suka kai asibiti kaɗai ta ƙirga. Yaron da ya mutu a ƙauye, ko a hannun mai maganin gargajiya, bai shiga lissafi ba. Burkitt ya sanya arewacin Nijeriya cikin wuraren da ba a cika ganin ciwon ba, ya danganta haka ga ƙarancin ruwa. Alhali kuwa rahotannin da suka fito daga asibitocin koyarwa na Zariya da Kano daga baya sun sanya shi cikin ciwace-ciwacen dajin da aka fi gani ga yara. A ganinmu, wani ɓangare na wannan giɓi rashin asibiti ne da rashin masu gane ciwon.

Daga ƙarshe, akwai maganar magani. Burkitt a Kampala da Victor Ngu a Ibadan sun nuna cewa wannan ciwo yana jin magani ƙwarai, kuma dukansu suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. Yau a ƙasashe masu arziki yara kusan 90 cikin 100 suna warkewa, amma a Afirka, inda aka fara gwajin, adadin bai kusanci haka ba, saboda jinkirin zuwa asibiti da tsadar magani. Saboda haka muna kira ga malamai da su koyar da aikin Burkitt tare da gyararrakinsa, jami'o'inmu kuma su kafa rajistar ciwon daji mai ƙirga yaran ƙauye kamar yadda take ƙirga na birni.